Iyafis Uku a Zango Ɗaya: Amsa ga Wani Ɗalibin Samaru

"Assalamu alaikum, Yaya. Ni ɗan aji biyu ne a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Mu shida ne a ɗaki, hayaniya ba ta lafawa sai tsakar dare. Da iyafis nake bitar lakcar da na naɗa a waya, da shi nake jin karatun Alƙur'ani bayan asuba, da shi kuma nake jin waƙa idan kai ya ɗau zafi. Ni mutum ne da sauti mara kyau ke damu ƙwarai. A zangon nan kaɗai na sayi uku: ɗaya kunnen hagu ya mutu, ɗaya ya daina riƙe caji, na ukun kuwa sai dum-dum, ba a jin magana. Yanzu na tara naira 30,000. Abokaina sun ce mai igiya ƙauyanci ne, in ciri wani abu cikin kuɗin handawut da Baba ya turo, in cika in sayi mara igiya mai babban suna. Kuma kwanan nan idan na cire iyafis da dare sai in riƙa jin wani 'wiii' a kunne. Me zan saya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Ka bar babbar maganar a ƙarshen wasiƙa, kamar baƙon da sai ya sa takalmi zai tafi sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Wannan "wiii" ɗin ya fi damuna a kan kuɗin da ka yi asara, don haka da shi zan fara.

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan gurbi mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu 'yan gasusuwa, wajen 16,000 a kowane kunne, su ne ke juya girgizar sauti ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai yawa tana gajiyar da su, in abin ya daɗe ta kashe su, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa. Sau da yawa ƙarar da mutum ke ji bayan ya cire iyafis alamar wannan gajiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni: babban mutum zai iya jin sauti mai ƙarfin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da ya cutu ba. In ya kai 90, awa 4 ke nan. In ya kai 100, minti 20 kacal, a mako fa, ba a yini ba. Hirar mutum biyu tana wajen desibel 60, waya kuwa idan aka ƙure mata murya da iyafis a kunne tana iya haura 100. Ka lissafa awa nawa kake yi kowane dare.

Na san ba da gangan kake ƙure muryar ba. Wannan yana waya da gida, wancan yana kallon ƙwallo, ga janareta yana ruri a waje, iyafis ɗinka kuma bai toshe kunne ba, dole ka yi ta ƙarawa har ka rinjayi hayaniyar. Ka riƙe wannan, domin shi zai nuna maka abin da ya kamata ka saya. Amma kafin kasuwa, ka hutar da kunnen kwana uku, ka je asibitin makaranta a haska a duba. Wani lokaci datti ne ya taru, iyafis kuma ya ƙara tura shi ciki, a wanke a huta. Idan ƙarar ta ƙi tafiya, ka nemi a tura ka sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa da ke Shika, a gwada jinka da na'ura. Akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Kada ka zura ashana ko tsinken auduga ko gashin kaza, kada kuma ka ɗiga wani abu don wani ya ce ya yi masa magani. In ka wayi gari kunne ɗaya ya toshe farat ɗaya, ko yana ciwo, ko yana ruwa, ko kana jin jiri, wannan na ranar ne, ba ya jiran gobe.

Kuɗin handawut kuwa, ko sisi kada ka taɓa. Baba da ya turo ya san abin da ya hana kansa kafin ya tura, kuma don karatu ya bayar. Abin da ka tara ya isa ya saya maka sautin da zai ba abokanka mamaki, matuƙar ka san inda za ka sa shi.

Bari in nuna maka inda kuɗi ke tafiya. Abin da ke fitar da sauti a iyafis 'yar sifika ce, faɗinta bai wuce milimita 10 ba a mafi yawansu: maganaɗisu, da siririyar wayar tagulla da aka naɗe, da wata fata mai laushi da ke girgiza. Kyan sauti daga ingancin waɗannan yake fitowa, da kuma ƙwarewar wanda ya daidaita su. A mai igiya, kusan duk kuɗinka nan suke zuwa. A mara igiya kuwa, kowane kunne yana da batirinsa, da na'urar karɓar Bluetooth, da makirfo, ga kuma akwatin caji da nasa batirin. Kuɗi ɗaya an raba shi gida biyar ko shida, abin da ya rage wa sifikar ɗan kaɗan ne. Shi ya sa idan farashi ya zo ɗaya, mai igiya ke yin gaba a wajen sauti. Sannan batirin da ke cikin waɗannan ƙananan ba a canza shi cikin sauƙi. Ko mai kyau ne, bayan shekara biyu ko uku yakan fara gazawa, zafin Maris da Afrilu na Zariya kuma yana gaggauta masa tsufa. Na biyunka da ya daina riƙe caji, wannan hanyar ya bi, sai dai shi ya yi sauri don tun asali batirinsa mai rauni ne. Ga kuma sha'anin wuta: daren jarrabawa da aka ɗauke wuta, kowa na layin soket, mai igiya ba ruwansa.

Don haka abin da nake ba ka shawara shi ne mai igiya, irin mai robar da ke shiga ramin kunne ta toshe shi, kuma wanda ake iya cire igiyarsa a sa wata. Wannan na ƙarshen ka ba shi muhimmanci. Iyafis ɗinka na farko da kunnen hagu ya mutu, kusan tabbas sifikar lafiyarta ƙalau, waya ce ta tsinke a ciki, ko dai a gindin fulogi ko a inda igiyar ta rabu biyu. Da irin mai cirewa ne, da igiya kawai za ka saya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

A 'yan shekarun nan wasu ƙananan kamfanonin China sun shahara da irin wannan, har masu bin diddigin sauti a duniya suna yaba musu. Akwai 7Hz Salnotes Zero, da Tangzu Wan'er, da Moondrop Chu II, dukkansu a wajen dala 20 ake sayar da su a kasuwannin waje, dukkansu kuma ana cire igiyarsu. Ka lissafa da canjin ranar, ka ƙara kuɗin kawowa. Ga mai yawan jin murya kamar kai, lakca da ƙira'a, na fi karkata ga biyun farko, don suna fito da muryar mutum sarai ba tare da dum-dum ya danne ta ba. Akwai kuma KZ, wanda ya fi su yaɗuwa kuma wasu nau'o'insa sun fi araha, sai dai da yawansu an ƙara musu bes, wato sautin nan mai kauri na dum-dum, da kaifin sama, abin da ke burge kunne a minti biyar na farko ya gajiyar da shi bayan awa ɗaya. Galibi irin waɗannan sai an yi odarsu ta Jumia ko Konga ko AliExpress. Ka duba mai sayarwar da kyau, ka karanta abin da waɗanda suka saya suka rubuta, in da hali ka zaɓi biya bayan kaya sun iso. In za ku haɗu ku biyu ko uku ku yi oda tare, kuɗin kawowa ya yi sauƙi. Kuma ka lura, yawancinsu suna zuwa iri biyu, mai makirfo da mara shi. Tunda kana amsa waya, ka duba kafin ka biya.

Ban ga ka faɗi irin wayarka ba, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Tun da Apple ya cire ramin iyafis a iPhone 7 a 2016, kamfanoni da dama sun bi sahu, ko da yake yawancin Tecno da Infinix da itel masu matsakaicin kuɗi har yanzu suna da ramin nan na milimita 3.5. In taka tana da shi, shi ke nan. In ba ta da shi, sai ka haɗa da 'yar adafta da ke shiga ramin caji. Adaftar iri biyu ce: akwai wadda igiya ce zalla, wadda ba kowace waya ke karɓa ba, akwai kuma mai ɗan guntun lantarki a ciki da ke juya lambobi su koma sauti, za ka ga an rubuta DAC a kwalinta. Ta biyun za ka nema, ka kuma gwada ta a wayarka a gaban mai shago. Sannan a kwalin iyafis akwai lamba mai alamar Ω, wato ma'aunin turjiyar sifikar ga lantarki. Daga 16 zuwa 32 waya za ta iya tuƙa shi ba wahala.

Wataƙila ranka ya fi kwanta wa babban hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya. Yana da daɗinsa, sautin yana da faɗi. Sony MDR-ZX110, ko da yake a kan kunne kawai yake zama bai rufe shi duka ba, yana da araha kuma ba laifi, Audio-Technica ATH-M20x ya fi shi nesa ba kusa ba amma ya haura abin da ke hannunka. Akwai wasu da ake yabo, irin su Koss KSC75 da Samson SR850, sai dai bayansu ba a rufe yake ba: hayaniyar ɗaki za ta shigo maka, kai ma sautinka zai fita. Ka zauna da irinsu a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, na kusa da kai zai ji duk abin da kake ji. Ga gumi lokacin bazara, ga fatar kunnen da ke sabulewa. A ɗakin mutum shida, ƙaramin mai toshe kunne ya fi dacewa da kai.

In kuwa bayan duk wannan ka ga lallai sai mara igiya, to ka sayi na kamfanin da ya tsaya a kan sunansa daidai kuɗinka, irin Oraimo, wanda gida ɗaya suke da Tecno da Infinix, ko Soundcore na Anker, a shagon da zai ba ka rasit da garanti. Abin da nake roƙonka ka guje wa shi ne wanda abokanka ke nuna maka: kwali mai babban suna, farashi kashi ɗaya cikin goma na gaskiya. Jabun AirPods da JBL sun cika kasuwannin ƙasar nan, har da lambar jiki da hatimin da suka yi kama da na ainihi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka kuma san bambancin gajerun kalmomi biyu da ake rubutawa a kwali. ENC na makirfo ne, yana taimaka wa wanda kake magana da shi ta waya ya ji ka, bai rage maka hayaniyar komai ba. ANC shi ne mai kashe hayaniya, kuma ƙarfinsa a kan ƙara mai ɗorewa yake, irin rurin janareta ko injin bas ɗin Sabon Gari. Surutun 'yan ɗaki da shewar cin ƙwallo sun fi ƙarfinsa, musamman mai araha. Robar da ta zauna daidai a kunne ta fi shi maganin wannan.

Sauran rubuce-rubucen kwali kada su ɗauke maka hankali. "20Hz–20kHz" iyakar jin ɗan Adam ce kawai, kusan kowane kwali yana ɗauke da ita, mai kyau da mara kyau. Inda ka ga ana alfahari da ƙarin bes, ka tuna da na ukunka.

To, yadda ake gwaji. A nan Hausawa suka ce gani ya kori ji, amma a wannan cinikin ji ne alƙali. In za ka shiga PZ ko kasuwar Sabon Gari, ko shagunan Samaru, ka tafi da wayarka da abubuwa uku da kunnenka ya haddace. Kada ka yarda a gwada maka da waƙar mai shago, domin mai dukan ƙirji zai sa maka, wadda ke ɓoye kowane aibi. Fara da ƙira'ar makarancin da ka saba ji. Ka saurari bambancin sinun da sadun, ka saurari numfashinsa kafin ya ɗauki aya. Iyafis mai kyau yana kawo maka mutumin kusa, mara kyau yana sa shi kamar yana karatu a cikin randa. Sai ka sa magana ta Hausa, labarai ko lakcarka: shin "k" da "ƙ" suna rarrabuwa? "Ts" da "sh" suna fita da taushi, ko suna sukar kunne kamar allura? In suna suka a minti ɗaya, ka tuna awa uku za ka yi da su. Na uku, kiɗan gargajiya mai kalangu da goge ko kukuma. Kalangu yana da magana a bakinsa, yana hawa yana sauka; in ka ji ya koma dunƙulallen dum-dum, bes ya yi yawa. Ka ga ko za ka iya bin goge shi kaɗai da kunne, sannan ka koma kan 'yan amshi, ba tare da sun cakuɗe ba. Duk wannan da murya rabi za ka yi shi, domin duk abin da aka ƙure yakan yi kamar ya fi daɗi. Kafin ka miƙa kuɗi, ka murza igiyar a gindin fulogi ka ji ko za ta yi ƙaras-ƙaras, ka kuma tabbata muryar tana zaune a tsakiyar kanka, ba ta karkata gefe ɗaya ba.

Yanzu ga abin da ɗalibai da yawa ke jefarwa tare da kwali: 'yan robobin nan kala uku, ƙarami da matsakaici da babba. Rabin kyan sautin a jikinsu yake. Ka gwada dukkansu a natse. Ka ja saman kunnenka sama da ɗaya hannun, ka sa iyafis ɗin, ka saki. In ya zauna daidai, hayaniyar ɗaki za ta ja baya tun ba ka kunna komai ba, in ka yi gyaran murya kuma za ka ji ta cika maka kai. In roba ta yi ƙanƙanta, iska na fita, sautin ya zama siriri kamar na gwangwani, sai mutum ya zagi kaya alhali laifin roba ne. Ba abin mamaki ba ne kunnen dama ya so matsakaici, na hagu ya so babba. Da zarar ka samu toshewar nan, za ka ga murya ta tsaya ƙasa da rabi kuma kana jin komai. Ka ɗora wa kanka ƙa'idar da masu kula da ji ke yawan bayarwa: kada murya ta wuce kashi 60 cikin 100, kuma bayan kowane minti 60 ka cire ka huta. Gargaɗin da waya ke fitarwa idan ka haura wani mataki, ka daina danne shi ka wuce. Kada kuma ka yi barci da shi a kunne yana ta aiki har asuba.

Toshewar nan tana da haɗarinta a waje. Titin Sakkwato da ke gaban babbar ƙofa, da Kwangila, wuraren tirela ne da 'yan acaɓa. In za ka tsallaka, ko kana tafe da dare, ka cire duka biyun ka sa a aljihu.

Wani abin kuma, iyafis ba ya gyara abin da aka ba shi a lalace, mai kyau ma tona asirinsa yake yi. Waƙar da aka matse zuwa 64 ko 96 kbps, wato ma'aunin ingancin fayil ɗin sauti, za ta fito da shashshaka ko da me ka ji ta. Ka nemi 256 ko 320 ga waɗanda ka fi so, sauran ka bar su yadda suke don wurin ajiya. Lakca kuwa, maganinta kujerar gaba. Wayar da ta naɗi malami daga bayan babban zaure ta naɗi fanka da tari da jan benci ne, ba abin da zai fito da muryarsa daga baya.

Ka samo ɗan gwangwanin alewa ko ƙaramar jaka mai zif ya zama gidansa. Kada ka naɗe igiya a jikin waya, kada ka cire ta da fizga, fulogin za ka kama. Da hunturu ƙura da dattin kunne suna toshe 'yar ragar bakin, har ka zaci kunne ɗaya ya mutu. Tsohon buroshin haƙori busasshe, bakin yana kallon ƙasa, ya wadatar. Robobin ka cire ka wanke da ruwa da sabulu, su bushe sarai kafin ka mayar. Aron iyafis kuma ka rage shi, ko don ciwon kunne da ake ɗauka ta roba.

Maganar ƙauyanci ta ɗan sosa mini rai, don na san yadda kalma ɗaya daga aboki ke sa matashi ya kashe abin da ba shi da shi. Na yi shekaru ina shiga ɗakunan naɗar murya, kuma abin da ke kan mai gabatarwa da mai haɗa sauti hedifon ne mai igiya, saboda ba ya jinkiri, ba ya mutuwa a tsakiyar aiki. Waƙoƙin da abokanka ke ji da nasu marasa igiya, da mai igiya aka saurare su lokacin haɗawa. Ba sai ka yi musu da kowa ba.

Su kuma 'yan ɗakinku, ka same su ranar da ake raha, ba lokacin da ranka ya ɓaci ba, ka nemi a tsayar da awa biyu bayan isha da kowa zai rage murya, ko da makonnin jarrabawa ne kaɗai. Ina kyautata zaton akwai wani cikin biyar ɗin da abin ke damunsa kamar kai, nauyin baki ne ya hana shi faɗa. Idan likita ya duba kunnen, ka rubuto mini abin da ya ce, ka haɗa da sunan wayarka don in san ko kana buƙatar adafta.